Littafin aikin awon maganaɗisun duniya a Tawa

Asabar, 12 ga Oktoba 2024

Abin da aka sa gaba shi ne a harhaɗa akwati guda na kayan gwaji, da abin da ake samu a kasuwar Tawa da wurin masu gyaran rediyo, wanda malamin kimiyya zai ɗauka ya shiga aji da shi. Ana so ya nuna yadda maganaɗisu yake aiki, inda maganaɗisun duniya ya dosa a garin nan, da yawan ƙarfinsa. Sharaɗi ɗaya aka gindaya: kowane gwaji ya ƙare da lambar da za a rubuta a allo, wadda wani malami a Konni ko Madawa zai iya sake aunawa ya ce an yi daidai ko an yi kuskure.

Abin da ya zo hannu yau: baƙin zoben maganaɗisu biyu daga matattun sifikoki, irin da ake kira ferit, ƙananan maganaɗisu huɗu masu sheƙi na niyodimiyom, fakitin allurar ɗinki, busol biyu, wato kamfas, da rabin gwangwanin garin ƙarfe da aka share a gindin injin gogar masu walda. Garin ya zo haɗe da tsakuwar dutsen guga. An sa zobe cikin leda aka ja shi a kai, ƙarfen ya maƙale a ledar, aka zare zoben, ya zube a takarda. Kada a yi wannan da maganaɗisu tsirara, don garin da ya kama jikin niyodimiyom ba ya fita sai da salatif. Kada kuma a wanke shi da ruwa, tsatsa za ta cinye shi kafin mako.

Shekaranjiya da jiya an yi babbar guguwar maganaɗisu daga rana. Busol ɗin hannu ba ta ganin irin wannan, kuma abin da zai gani ba mu haɗa shi ba tukuna.

Asabar, 19 ga Oktoba

Allura. An goga ta a bakin zobe sau 40, daga kunne zuwa tsini, kullum hanya guda, ana ɗaga hannu sama kafin a komo. Mai goga gaba da baya yana warware abin da ya ɗaura ne. Aka soke ta a guntun totuwar kara mai tsawon santimita 1, aka aza a ruwa.

A farantin shan ruwa na ƙarfe mai fenti allurar ta ƙi nuna komai, sai bin gefe take. Farantin baƙin ƙarfe ne, shi ya janye ta. A ƙwarya ta juya ta tsaya arewa da kudu cikin daƙiƙa kaɗan. Robar wanka ma ta yi. Saura matsalar tafiya gefe, wadda ba ta maganaɗisu ba ce: fatar saman ruwa ce ke jan totuwar zuwa bakin ƙwarya. Ɗigon ruwan sabulu guda ya rage abin sosai.

Bayanin da aka tsayar don aji shi ne wannan. Kowace ƙwayar zarra ta ƙarfe ƙaramin maganaɗisu ce, saboda ilektron ɗin da ke cikinta. A baƙin ƙarfe, da nikel, da kobal, ƙwayoyin da ke maƙwabtaka suna fuskantar wuri guda, unguwa-unguwa. A allurar da ba a goga ba kowace unguwa da inda ta dosa, ƙarfin wannan ya kashe na waccan. Guga tana daidaita su kamar yadda ake daidaita sahu. Ba a zuba wa allurar komai ba, jera abin da ke cikinta aka yi. Shi ya sa da aka datse ta biyu da filaya, kowane guntu ya fito da kansa na arewa da na kudu. Ba a samun kai guda shi kaɗai, ko sau nawa aka datsa.

Kayan da aka gwada: tsabar dala ashirin ta kama, tsohuwar dala biyar mai ruwan ɗorawa ba ta kama ba, haka wayar jan ƙarfe da murfin tukunyar alminiyom. Ɗalibai da yawa suna ɗauka duk abin da ake ce wa ƙarfe yana kamawa, a bar su su taɓa da hannunsu.

Sai gwajin nisa, wanda zai yi amfani nan gaba. An aje busol a tabarma, aka kawo zobe ta gabas da ita, fuskarsa na kallonta. A santimita 40 allura ta kauce digiri 45, wato a nan ƙarfin zoben ya yi kunnen doki da na duniya. A santimita 80 digiri 7 kawai. Nisa ya ninka biyu, ƙarfi ya koma kashi ɗaya cikin takwas. In ya ninka goma, ɗaya cikin dubu.

Asabar, 2 ga Nuwamba

An rataye ƙaramar ƙusa da siririyar wayar jan ƙarfe, aka matso da zobe har ta karkato wajensa ba tare da ta taɓa shi ba, aka sa harshen wutar gas a kanta. Da ta yi ja sosai sai ta saki ta koma tsaye. Ta huce, ta sake karkatowa. Baƙin ƙarfe yana daina amsa maganaɗisu a digiri 770, wurin da zafi yake wargaza sahun unguwannin nan. Tsakanin wuta da zoben a sa fasasshen tayil, don shi ferit nasa iyakar wajen digiri 450 ce, kuma zafin gefe guda yana tsaga shi. Niyodimiyom kada ya kusanci gwajin nan ko kaɗan. Na kasuwa yana fara rasa ƙarfi daga wajen digiri 80, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa.

Wannan gwajin ya fi sauran muhimmanci, don shi ke rushe zanen da ke cikin littattafai, inda ake zana duniya da sandar maganaɗisu a cikinta. Tsakiyar duniya ta haura digiri 5,000. Babu sandar da za ta riƙe maganaɗisu a wannan zafi. Abin da ke can, daga zurfin wajen kilomita 2,900 zuwa 5,150, narkakken ƙarfe ne da nikel, yana motsi saboda zafin da ke fitowa daga ƙasa, juyawar duniya kuma tana murɗa shi. Ƙarfe mai motsi cikin maganaɗisu yana haifar da lantarki, lantarkin kuma ya haifar da maganaɗisu, abin ya riƙa ciyar da kansa kamar dinamo. Zanen sandar yana da amfani wajen nuna siffar layukan ƙarfi daga waje, kamar yadda William Gilbert ya kwatanta a 1600 da dunƙulen dutsen maganaɗisu. Amma a faɗa wa yara cewa kwatanci ne.

An kawo marmara daga tudun da ke wajen gari. Jar ƙasar Adar cike take da ƙarfe, amma ko niyodimiyom da ƙyar ya ɗaga ɗan garinta. Ƙarfen da ke cikinta ya riga ya zama dangin tsatsa, wanda ba ya amsawa sai kaɗan. An daka ta, aka tura cikin garwashin gawayi na minti 30 ana fifita. Da ta huce ta yi duhu, garin ya riƙa tsalle yana kama zobe. Gawayin ya zare mata wani kaso na iskar oksijin, ta koma irin baƙin dutsen da ke kamawa. Wannan ya shiga akwati: ƙulli biyu, ɗanya da gasasshiya.

Asabar, 16 ga Nuwamba

Yau neman arewa ta gaskiya, don a ga nawa busol take kauce mata.

An zaɓi fili a bayan azuzuwa, taku 30 daga kowane gini mai rodi ko rufin kwano. Aka daidaita ƙasa da kwanon ruwa, aka kafa sandar itace mai tsawon mita 1, aka tabbatar da miƙewarta da zare mai dutse a ƙasa. Da ƙarfe 10 aka sa alama a bakin inuwa, aka zana da'ira daga gindin sanda da wannan tsawon. Inuwa ta gajarce, ta sake tsawo, ta taɓa da'irar bayan ƙarfe 2 da rabi, aka sa alama ta biyu. Layin da ya haɗa alamun biyu gabas da yamma ne. Wanda ya tashi daga tsakiyarsa zuwa gindin sanda shi ne arewa da kudu.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗauki inuwar ƙarfe 12 na agogo a ce ita ce ta tsakar rana. Agogon Nijar an saita shi ne da layin digiri 15 gabas, Tawa kuwa tana wajen digiri 5 da ɗan kai. Kowane digiri minti 4 ne, rana tana makara mana da wajen minti 39. Ga kuma saurin rana da jinkirinta na cikin shekara, wanda a tsakiyar Nuwamba yake rage minti 15. Yau rana ta tsaya tsaka da 12:24, inuwar ta kai santimita 67, tana kallon arewa.

Aka ja zare a kan layin, aka aza busol. Ta farko ta nuna kaucewar wajen digiri 1 gabas, ta biyu ba ta nuna komai ba. Bambancin da ke tsakaninsu ya kai abin da ake nema. Abin da za a iya rubutawa da gaskiya: a Tawa, a wannan zamani, arewar busol da arewar gaskiya kusan ɗaya ne, kaucewar ba ta kai digiri 2 ba. Layin da babu kaucewa a kansa yana ratsa yankin nan ne a ƴan shekarun nan. Ba haka abin yake ba a da. Tsofaffin taswirori na wajen 1960 suna ɗauke da kaucewar digiri da dama zuwa yamma, a rubuce a gefe tare da shekarar awon. Wanda ya ɗauki waccan lamba ya yi aiki da ita yau ya ɓata. A Landan an auna digiri 11 gabas a 1580, ta koma sifili wajen 1660, ta kai digiri 24 yamma wajen 1820. Narkakken ƙarfen can ƙasa ba ya zama wuri guda.

Tun da layin yana nan, an fitar da alƙibla. Lissafi daga matsayin Tawa da na Makka ya ba da digiri 73 da rabi daga arewa zuwa gabas. Wato ba gabas sak ba ce, akwai karkata ta digiri 16 da rabi zuwa arewa. Da yake kaucewar busol ba ta taka kara ta karya ba a nan, ana iya karanta wannan lamba kai tsaye. Abin da ke ɓata awon alƙibla a garin nan ba maganaɗisun duniya ba ne. Rodin da ke cikin daɓen siminti ne, da ƙofar ƙarfe, da salular da ke aljihun mai awo. A daɓen wani aji busol ɗin nan ta kauce digiri 12, aka ɗaga ta mita 1 sama ta dawo kusan daidai.

An kafa turaku biyu na itace a kan layin don a same shi gaba.

Asabar, 30 ga Nuwamba

Gwajin sunkuyo ya ƙi.

Layukan ƙarfin duniya ba a kwance suke ko'ina ba. A arewacin duniya suna nutsewa cikin ƙasa, a kudanci suna fitowa. Allurar da aka sa wa gatari a kwance, wato sandar da za ta juya a kai, yadda za ta iya sunkuyawa, tana bin su. Littattafan da ake koyarwa da su sun zo da hoton irin wannan allura ta kafa kai ƙasa sosai, kuma gaskiya ne a Faransa, inda sunkuyon ya wuce digiri 60. An yi tamu da wayar spok ɗin keke mai santimita 12, aka soke ta a toshiyar kwalba, aka ratsa allura ta zama gatari, aka aza a bakin kofunan gilashi biyu. An daidaita ta kafin guga har ta kwanta, sannan aka goga, aka juya ta arewa da kudu.

Ta nuna digiri 15. Aka taɓa ta, ta nuna 11. Aka matsa toshiyar da abin da bai kai kaurin farce ba, kan kudu ne ya sunkuya.

Ba laifin hannu ba ne kaɗai. Tawa tana kusa da layin da ya raba duniya biyu ta fuskar maganaɗisu, inda allura take kwanciya ɗam. Layin bai bi na taswira ba. A Afirka ta Yamma ya hauro arewa, yana ratsa arewacin Najeriya, ƴan ɗaruruwan kilomita kudu da mu. Don haka ƙarfin da ke jan kan allura ƙasa a nan ɗan kaɗan ne, kuma nauyin da ya fi a gefe guda, ko na ɗigon gam ne, ya isa ya rufe shi.

Magani tsoho ne. A karanta, sannan a sake goga wayar ta ɗaya hanyar, kan da yake arewa ya koma kudu, a sake karantawa ba tare da an taɓa toshiya ba. Nauyin da ya ƙara a karon farko zai rage a na biyu. An samu 15 da 2, tsakiyarsu 8 da rabi. Ya yi, amma gwaji ne na mai haƙuri, ba na aji mai yara 70 ba. An cire shi daga akwati.

Asabar, 7 ga Disamba

An sake neman sunkuyo da salula. Yawancin manyan salula suna da ma'aunin maganaɗisu mai hanya uku, kuma akwai manhajojin da ke nuna lambobin da mikrotesla, awon da ake ƙirga ƙarfin maganaɗisu da shi. Lambar farko ba abar yarda ba ce, don sifikar salular da ƙarafunanta suna ƙara nasu. A aza ta a kan benci na itace marar ƙusa a fili, fuska sama, a rubuta lambar tsaye, a kifa ta a sake rubutawa. An samu 9 ƙasa da sifili, da 1 sama. Rabin tazarar, 5. Na kwance, kai arewa sannan kai kudu: 38 sama, 30 ƙasa, rabin tazarar 34. Biyar cikin 34 ya ba da kusurwar digiri 8 da ɗan kai. Ya yi daidai da na wayar keke.

Asabar, 21 ga Disamba

Babu gwaji, hutu ya kama. A wannan watan hukumar NOAA ta Amurka da hukumar binciken ƙasa ta Birtaniya suka fitar da sabon lissafin maganaɗisun duniya na 2025, wanda ake sabuntawa duk shekara biyar, kuma da shi busol ɗin salula da jiragen sama suke gyara kaucewa. Dalilin sabuntawar shi ne abin da aka gani a Nuwamba. Wurin da allura take kafa kai tsaye a arewa, James Clark Ross ya same shi a arewacin Kanada a 1831. Yanzu ya bar can ya doshi Saiberiya. Ya taɓa yin gudun sama da kilomita 50 a shekara, ya rage zuwa wajen 35.

Tambayar da za ta taso a aji ita ce ko arewa za ta koma kudu. Ta sha komawa. Duwatsun aman wuta suna riƙe da alƙiblar maganaɗisun ranar da suka huce, kuma sun nuna juyawa ta ƙarshe wajen shekara 780,000 da suka wuce. Juyawar tana cin dubban shekaru, kuma tazarar da ke tsakanin wata da wata ba ta da ƙa'ida. A amsa haka a wuce.

Asabar, 11 ga Janairu 2025

Abin da watanni biyu suka nuna: a Tawa kaucewa kusan babu, sunkuyo kaɗan ne. Gwaje-gwajen littafi guda biyu da suka fi suna ba su da abin nunawa a nan. Amma akwai riba a ciki. Tun da layukan a kwance suke, kusan duk ƙarfin yana aiki a kan busol, kuma awon ƙarfi ya fi sauƙi a nan bisa ga Turai. Nan akwatin zai karkata.

Hanyar ta samo asali daga abin da Hans Christian Ørsted ya gani a 1820, cewa waya mai ɗauke da lantarki tana juya allura. In an naɗe wayar gammo, ana iya lissafa ƙarfin da ke tsakiyarsa, sai a sa shi kokawa da na duniya.

An yanko zoben bututun roba mai faɗin santimita 20. Aka naɗa masa wayar jan ƙarfe mai fenti, kauri rabin milimita, irin ta masu naɗin fanka, zagaye 20 cif, wajen mita 12 da rabi. Gammo irin wannan yana ba da mikrotesla 125.7 a tsakiyarsa kan kowane ampiya guda na lantarkin da ke bin wayar. Aka tsayar da shi a katako da gam da turakun itace, babu ƙusa ko ɗaya. Busol a tsakiya, a kan ɗan dandamali. A juya katakon har gammon ya tsaya a tsaye bisa layin allura, sannan a ba da wuta: manyan pil biyu a jere, wato batura, rezistans mai rage wuta, da mita mai auna ampiya.

Da rezistans mai om 10, mita ta nuna 0.26, allura ta kauce 43. Aka juya wayoyin pil, ta kauce 45 ta ɗaya gefen. Tsakiya 44. Ƙarfin gammo 32.7, a raba da tanjan ɗin kusurwar, wato tan na kalkuleta, ya ba da 33.8. Da om 22: ampiya 0.13, kusurwa 25 da 27, sakamako 33.5. Da om 4.7: ampiya 0.46, kusurwa 59 da 60, sakamako 34.1. Ƙarfin kwance na maganaɗisun duniya a Tawa wajen mikrotesla 34 ne. A faɗin duniya jimillar ƙarfin, na kwance da na tsaye a haɗe, tana tsakanin wajen 25 da 65, mafi rauni a kudancin Tekun Atlantika, mafi ƙarfi kusa da ƙuryar arewa da ta kudu.

Kafin a kai ga waɗannan lambobi an yi ɓarna uku. Rezistans ƙarama ta rediyo ta yi hayaƙi, don tana shan kusan kashi uku cikin huɗu na wat alhali ƙarfinta kwata ne. A nemi farar mai wat 5. Na biyu, pil ɗin kansu rigarsu baƙin ƙarfe ce, haka ƴan maƙallan waya masu baki kamar na kada. Da suna kusa, allura ta kauce digiri 4 tun ba a ba da wuta ba. A kai su mita 1, a murɗe wayoyin biyu tare kamar igiya don nasu ƙarfin ya kashe juna. Na uku, busol mai doguwar allura ta ba da lambar da ta kauce, don lissafin na tsakiyar gammo ne kawai. Allura kada ta wuce santimita 2. Kusurwa kuma a tsare ta tsakanin 25 da 65, mafi kyau kusa da 45, inda kuskuren digiri guda ya fi ƙaramin tasiri.

Asabar, 25 ga Janairu

Hanya ta biyu, don a bincike ta farko. Maganaɗisun da aka rataye, in an kaɗa shi, yana lilo gefe da gefe, kuma gwargwadon ƙarfin da ke riƙe da shi gwargwadon saurin lilon. Da irin wannan lilo Carl Friedrich Gauss ya fara auna ƙarfin duniya da cikakkiyar lamba a 1832.

An rataye guntun allura mai santimita 2 da rabi da gashi guda a tsakiyar gammo. Wannan karon bakin gammon ke kallon arewa, yadda ƙarfinsa zai ƙaru a kan na duniya ko ya ragu. Ampiya 0.13, wato mikrotesla 16.3. Lilo goma babu wuta: daƙiƙa 20.1. Da ƙari: 16.4. Da ragi: 27.7. A ninka kowace cikin biyun ƙarshe da kanta, a tara su, a raba da bambancinsu, ya ba da 2.08. Sau 16.3, ya zama 33.9. Kyawun hanyar, ba ruwanta da ƙarfin allurar ko nauyinta.

Lilon ya zama ƙarami, ƙasa da digiri 10. Iskar hunturu ta hana aiki sai da aka kifa kwali mai tagar leda.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Maganaɗisun duniya yana motsi kullum da rana. George Graham ya lura da haka a Landan a 1722. Hasken rana yana sa iskar sama, wajen kilomita 100, ta ɗauki lantarki, wannan lantarki kuma yana ƙara nasa ƙarfin a ƙasa. A saman layin nan da ke kudu da mu, inda allura take kwanciya ɗam, akwai ƙaƙƙarfan kwararon lantarki da ke gudu gabas da rana, ya fi ƙarfi gab da tsakar rana. Abin da ake nema gomman nanotesla ne cikin 34,000, don nanotesla dubu ne mikrotesla guda.

Kayan: kwalbar gilashi mai faɗin baki, niyodimiyom biyu manne a bayan guntun madubi, a rataye daga murfi, fitilar leza a ɗaure a bulo, da takarda mai layin milimita a bango, mita 3 daga madubin. Madubi yana ninka juyawa biyu, don haka digiri 1 yana tafiyar da ɗigon haske milimita 105.

Gorar roba aka fara sawa. A bushewar hunturu ko hannu aka goga mata sai madubin ya bi jikin gorar ya manne, dole aka koma gilashi. Zaren ɗinki kuma murɗaɗɗe ne, ya yi ta warwarewa, ɗigo yana tafiya gefe guda kwana da kwanaki. An zare sili guda daga igiyar nailan, aka rataya masa guntun tagulla kwana biyu ya saki murɗinsa, sannan aka ɗaura madubi.

Ɗigon ya zauna. Moto da aka jingina a bayan bango ya tafiyar da shi santimita 2. Zoben sifika da aka shigo da shi ɗakin, mita 4 daga kwalba, ya motsa shi, kamar yadda lissafin Oktoba ya nuna: nanotesla 34 a wannan nisa. Daga safe zuwa yamma, in babu mai shiga, motsin ƴan milimita ne.

Sai dai maganaɗisu mai rataye haka alƙibla kawai yake gani. Kwararon saman yana ƙara ƙarfi ne ta arewa, inda allurar ta riga ta dosa, don haka ba ya juya ta. Dabara: a kafa zobe santimita 40 gabas da kwalba, ya riƙe madubin a digiri 45. In ƙarfin duniya ya ƙaru, sai ya rinjayi zoben, madubi ya ɗan koma arewa. A lissafi, nanotesla 50 za su ba da milimita 4 da rabi.

Asabar, 8 ga Maris

Mako biyu na karatu da zobe a wurinsa. Ɗigo yana tafiya santimita 4 kowace rana, ta gefen da ake tsammani. Ya yi yawa sau goma, kuma ƙololuwarsa tana zuwa bayan la'asar, ba gab da tsakar rana ba. Zafin ɗaki muke aunawa.

Ferit yana rasa wajen kashi 0.2 cikin ɗari na ƙarfinsa kan kowane digiri guda na zafi, ya dawo da shi in ya huce. A wannan shiri digiri guda na zafi yana tafiyar da ɗigo milimita 6, daidai da nanotesla 68. Ɗakin yana hawa digiri 7 daga asuba zuwa la'asar, ga santimita 4 ɗin nan. Abin da ya sa yake ruɗi shi ne raunin zobe da ƙaruwar ƙarfin duniya duk gefe guda suke tura madubi. Sauya shi da niyodimiyom ba zai fid da mu ba, nasa wajen 0.12 ne.

An sa zoben cikin gorar roba mai murfi, aka binne ta a tsakiyar tukunyar ƙasa cike da busasshen yashi, da ma'aunin zafi mai nuna kashi goma na digiri a jikinsa, aka rufe da buhu biyu. An ja maganaɗisu a cikin yashin tukuna don a tsince baƙin garin da ke ciki. Jiya zafin cikin tukunya ya motsa digiri 1.5 kawai, milimita 9 ke nan, har yanzu ninki biyu na abin da ake nema.

Daga Litinin za a riƙa rubuta wurin ɗigo da zafin yashi kowace awa, daga 7 na safe zuwa 6 na yamma, kwana 14, a cire milimita 6 kan kowane digiri, a ga ko wani tudu zai rage wajen ƙarfe 11 zuwa 12. In bai fito ba, kwalba da zobe duka za su koma rami mai zurfin rabin mita a ɗakin ƙasa. Turakun Nuwamba suna nan. Ranar 28 ga Mayu da ƙarfe 10:18 agogon Nijar rana za ta tsaya bisa Ka'aba, kuma a lokacin za a gwada inuwar sanda da layin digiri 73 da rabi.